Sauya wa injin esi na waje mazauni: me ake biya wa kuɗi?

@Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar esi. Injin waje na esin falonmu yana rataye a jikin bango, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin yara. Da daddare ƙara da girgiza suna damunsu, ga shi kuma muna so mu yi rumfa a wannan gefen. Na kira masu gyara biyu su duba yadda za a mayar da shi bayan gida. Na farko ko tef bai ciro ba, ya ce aikin awa biyu ne, ya faɗi kuɗi kaɗan. Na biyu ya auna bango, ya karanta takardar da ke manne a jikin injin, sai ya faɗi kusan ninki uku na kuɗin wancan. Gida ɗaya, inji ɗaya. Shin na biyun ne ke son ya yanke ni, ko na farkon ne bai san aikin ba?

@DanAuta_92:
Na biyun mota ya gani a ƙofar gida, shi ke nan 😂 Noti huɗu za a kwance, a ɗauka a kai baya a ɗaure. Ina abin ninki uku a nan?

@Mai_Sufana:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, kafin a yanke wa kowa hukunci ka faɗa mana: tsawon bututun da ke kai yanzu mita nawa ne, sabon wurin kuma mita nawa in an bi bango ba a miƙe ba? Wane gas aka rubuta a jikin injin? Ƙarfinsa doki nawa? Ƙasa za a ajiye ko sama za a rataye?

@Baban_Khalifa:
Yanzu bai wuce mita 4 ba. Na biyun ya ce sabon wurin mita 11 ne saboda kusurwa biyu da za a zagaya. An rubuta R410A, doki ɗaya da rabi, inbata ne. Shekararsa 5. Rataye shi za a yi amma ba a bene ba.

@Mai_Sufana:
To madalla, yanzu magana ta fito. Ɗaukar injin daga nan zuwa can shi ne abu mafi arha a aikin gaba ɗaya, yara biyu sun isa. Kuɗin yana cikin abin da ya haɗa injin waje da kan da ke cikin ɗaki.

Bututu biyu ne na jan ƙarfe. Siririn kwata inci ne, shi ke kai gas yana ruwa-ruwa. Mai kaurin, a inji irin naka, ko 3/8 ne ko rabin inci, shi ke dawo da gas ɗin wurin kwamfireso, wato abin da ke matse gas a cikin injin waje. Mita 11 sau biyu, mita 22 ke nan na jan ƙarfe, kuma jan ƙarfe ba ya arha ko'ina a duniya. Kowane bututu da soson da ake sa masa, daban-daban, ba a haɗa su cikin soso ɗaya. Sai tef na naɗewa, sai wayar da ke tsakanin injunan biyu ita ma mita 11 da ɗoriya, sai maƙalai, sai ƙarfen rataya in tsohon ya yi tsatsa ko bai dace da sabon bangon ba. Wannan kaya ne kawai, ba a zo kuɗin hannu ba.

Sai gas. Masana'anta tana zuba gas a injin waje wanda zai ishi wani tsawon bututu, da yawa mita 5 ne. In ka wuce nan sai an ƙara, kuma littafin injin ya faɗi giram nawa a kowace mita. A ce littafinka ya ce giram 20: mita 11 a cire 5, saura 6, giram 120 ke nan, a auna da sikeli. Ba yawa ba ne, amma wanda bai zo da sikeli ba ƙiyasi zai yi.

Ina zargin na farkon yana nufin ya ɗora guntun bututu a kan tsohon, ya ɗaure, ya kunna, ya karɓi kuɗinsa. Ka tambaye shi.

@Injiniya_Hauwa:
Ƙarin bayani kan lissafin Malam Mai Sufana: ba duka ne mita 5 ba, wasu kamfanonin har mita 7 da rabi suke zuba wa. Shi ya sa littafin ne alƙali. In ya ɓace, lambar samfurin tana jikin injin, ana samun littafin a intanet. A ciki za ka ga iyakar tsawon da aka yarda da iyakar bambancin tsayi tsakanin na ciki da na waje. Mita 11 a doki ɗaya da rabi yawanci yana cikin iyaka, amma a duba ɗin.

@DanAuta_92:
Ku dai masu aikin ba za ku taɓa cewa abu ya yi tsada ba.

@Maman_Iman:
Ɗan Auta, bari in ba ka labari. Mu ma mun matsar da namu lokacin da aka faɗaɗa kicin. Wanda ya yi aikin bai yanke bakin tsohon bututun ya sake buɗa shi ba, yadda ya kwance haka ya mayar ya ɗaure. A ranar dai, sanyi lafiya lau. Da tafiya ta yi tafiya sai sanyin ya riƙa raguwa, injin yana ta aiki ba ya hutawa. Wata rana na zagaya baya sai na ga siririn bututun ya yi fari fat da ƙanƙara daga bakin bawul, notin kuma ya yi wani danshi baƙi, ƙura ta manne a kai. Na shafa da yatsa na ji mai ne. Wani mai gyaran da muka kira daga baya ya ce duk inda ka ga mai ya tsattsafo a mahaɗa, to gas ya riga ya bi ta nan, domin tare suke yawo. Sai da muka biya gas cikakke da kuɗin aiki na biyu. Arha ba ta ado.

@Mai_Sufana:
Hajiya, wannan kullum muna cin karo da shi. Bakin bututun da aka buɗa, da zarar an ɗaure shi sau ɗaya ya matse ya ɗauki siffar wurin. In aka kwance aka mayar, sau da yawa ba ya sake zama daidai. Minti biyar ne a yanke a sake buɗa sabo, amma sai mutum yana da abin buɗawar mai kyau. Ɗaurin ma akwai sufana ta musamman mai auna ƙarfi, don in ya yi sako-sako yoyo, in ya yi tsanani bakin ya tsage, yoyo.

@Abu_Sadiq:
Ni tambayata ita ce gas ɗin da ke ciki yanzu. In an kwance bututu ba fita zai yi duka ba? Ashe dole a sayi sabo ke nan?

@Mai_Sufana:
A'a, in injin yana aiki ana tara shi a injin waje. Ga yadda ake yi: a kunna a kan sanyi, a haɗa geji a bakin babban bawul, a rufe ƙaramin bawul da alanki. Kwamfireso zai ci gaba da janyo gas ɗin da ke cikin bututu da kan ciki, amma babu hanyar komawa. Kana kallon allurar geji tana sauka, da ta kusa sifili sai a rufe babban bawul a kashe injin nan take. Duka ba ya wuce minti ɗaya zuwa biyu. Gas ɗinka yana nan a kulle, sai a kwance.

Amma ina roƙon kowa, kada a ce an gani a bidiyo a gwada. In aka kwance bututu kwamfireso yana gudu bawul a buɗe, iska zai zuƙa ya matse ta tare da mai da zafi, kuma kwamfireso yana iya fashewa. Littattafan injunan nan da kansu sun yi gargaɗi a kai: a tsayar da kwamfireso kafin a cire bututu.

@Injiniya_Hauwa:
Kuma ba kowane inji ake yi wa haka ba. In bututun da ke kai yana da tsawo sosai har an ƙara gas da yawa, injin waje ba zai iya ɗauke shi duka ba. Haka in kwamfireso ya mutu. A nan sai an kawo injin kwashe gas a zuba a tulu, wannan kuma wani kuɗi ne. Na Baban Khalifa mai mita 4 ba shi da wannan matsalar.

@Kawu_Bala:
Ni na daɗe a sana'ar nan kafin wasunku su san hannun damansu. Da can in mun haɗa bututu, ɗan buɗe bawul muke yi gas ya koro iskar da ke ciki ta fita, mu ɗaure. Injunan da muka haɗa haka wasu har yau suna aiki. Yanzu kowa ya zo sai ya ce injin zuƙe iska, naitirojin, kaza kaza, duk don kuɗi ya hau. Ɗana Baban Khalifa, ka nemi mai hannu mai kyau kawai.

@Injiniya_Hauwa:
Kawu, ranka ya daɗe, ba a musu da ku a kan abin da kuka gani da ido. A zamanin R22, gas ɗin tsofaffin injuna, wasu littattafan ma sun koyar da wannan hanyar. Abin da ya canza shi ne mai. R22 da man ma'adinai yake tafiya, mai haƙuri ne. R410A kuwa man da ake sa masa na haɗi ne, yana shan danshi da sauri, in ya sha sai ya koma yana yin asid a cikin kwamfireso, yana cin rufin wayoyin motar kwamfireson a hankali. Ba yau zai nuna ba, ba gobe ba. Koro iska da gas yana fitar da yawancin iskar, amma danshin da ya kwanta a jikin bututu ba ya fita sai an zuƙe har ya tafasa ya zama tururi. Shi ya sa ake son a sauke matsin cikin bututun zuwa maikiron 500 (awon ragowar iska) ko ƙasa, a rufe a ga ko zai tsaya. Ga shi kuma mita 11 ne, gas ɗin da za a ɓarnatar wurin korar iskar daga cikin na mai gida za a ɗiba, alhali dama ƙari yake nema.

@Kawu_Bala:
'Yata na ji. Amma geji mai nuna maikiron ɗin nan masu gyara nawa ne suke da shi? Ki faɗi gaskiya.

@Injiniya_Hauwa:
Ba su da yawa, Kawu 😅 Amma ko ba shi, a bar injin zuƙar ya yi aiki sosai, a rufe, a jira a ga allura ba ta motsa ba. Ya fi babu nesa ba kusa ba.

@Dogo_Lantarki:
Kowa yana maganar bututu an manta da ɓangarenmu. Esin inbata akwai wayar da na ciki da na waje suke magana da juna ta cikinta. In aka ɗaura guntuwa a tsakiya aka naɗe da baƙin tef, rana ta buga, ruwa ya shiga, sai ka ga injin ya tsaya yana nuna lambar matsala a fuska, a yi ta zargin allon kwamfuta alhali ɗauri ne ya yi tsatsa. Waya guda daga farko har ƙarshe, ba ɗauri. Sannan a duba ta ina wuta take shiga. Wasu injunan ta na ciki take shiga, to wayar tsakani kawai za a canza. Wasu kuwa ta na waje take shiga, nan sai an ja sabon layi daga allon wuta zuwa bayan gidan, da makunnin kashewa kusa da injin, da wayar ƙasa. Wannan kaɗai yana iya sa ƙiyasi biyu su bambanta sosai.

@Yar_Baba:
Ni fa ban gane ba, in dai ƙara ce matsalar me ya sa sai an kai shi har bayan gida? Namu yana jijjiga bango har kofuna suna kaɗawa a kabad. Aka sa masa robobi huɗu masu kauri a ƙarƙashin ƙafafu, aka ɗaure notocin murfin da suka saki, aka wanke fankar. Ƙarar ta ragu ƙwarai. Ba a taɓa bututu ba.

@Abu_Sadiq:
Ya ce rumfa za su yi a wurin, ki sake karantawa.

@Yar_Baba:
Na gani. Rumfa ai ba ta hana esi zama in gefenta a buɗe yake.

@Mai_Sufana:
'Yar Baba tana da gaskiya rabi. Girgizar da ke bin bango ta ƙarfen rataya take shiga, roba tana kashe da yawa, sauke shi ƙasa a kan daɓen siminti ya fi kashewa. Amma in rumfar ta zama ta mutane su zauna, iskar zafin da yake hurowa a kansu za ta ƙare. In kuma aka kewaye ta, injin zai riƙa shaƙar zafin da ya fitar, kamar mutumin da ya lulluɓa da bargo yana neman iska. Matsin gas ya hau, wuta ta ƙaru, sanyi ya ragu.

@Sarkin_Gardama:
Tunda an zo nan, ni na ce duk wanda zai matsar da inji ya kai shi inuwa. Ko kuɗin ya yi yawa zai dawo ta kuɗin wuta.

@Injiniya_Hauwa:
Inuwa tana da amfani amma ba yadda ake zuzuta ta ba. Injin waje iska mai yawan gaske yake ja ta cikin ragarsa, to zafin iskar unguwar ne ke yanke hukunci, ba ranar da ke dukan murfinsa ba. Wanda zai ƙara mita 6 na bututu don kawai ya samu inuwa, abin da zai samu kaɗan ne, kuma tsawon bututun da kansa yana ɗan rage ƙarfi. Abin da ya fi muhimmanci sarari: tazara a baya da gefe don ya shaƙa, fili a gaba don ya huro, gefen bawul kuma a bar wa mai gyara inda zai sa hannu. Littafi ya ba da awon kowanne.

@Sarkin_Gardama:
Ban yarda ba. Ki je ki taɓa injin da ke rana da tsakar rana ki taɓa na inuwa.

@Injiniya_Hauwa:
Murfin kake taɓawa, Malam.

@Sarkin_Gardama:
To rufin kwano fa? Wanda aka ɗora a saman rufi da iskar da ke tashi daga kwano?

@Injiniya_Hauwa:
Wannan kam na ba ka. Nan iskar da kanta ce ta yi zafi, ba maganar inuwa ba ce. Kuma duk wanda ya kai inji sama ya sani ba sau ɗaya zai biya ba, duk zuwan mai wanki da mai gyara sai an biya hawa.

@Ummu_Nana:
Don Allah ku taimaka min da tawa tunda masana sun hallara. Gidan haya nake, mai gidan ya ce in cire injin daga gaban gida don zai yi fenti da gyaran fuska, in mayar da shi gefe. Esin nawa ne, ni na saya. Wa ya kamata ya biya?

@Abu_Sadiq:
Shi ya buƙaci canjin, shi zai biya. Ko a cire a kuɗin haya.

@Lauyan_Gida:
Ya danganta da abin da kuka rubuta, Hajiya, da kuma ko da izininsa aka sa shi a gaban tun farko. In da izininsa, kina da bakin magana a raba ko ya ɗauka. In ba a tambaye shi ba aka huda masa bango, to ki lallaɓa. Ko yaya kuka yi, a rubuta sabon wurin da ya yarda da shi, kada baɗi ya ce gefen ma bai yi masa ba. Masu zama a dogayen gine-gine kuma su sani sau da yawa bangon waje ba na mai ɗaki ba ne shi kaɗai, sai an nemi izinin masu kula da ginin.

@Baban_Khalifa:
Jama'a kun tafi da zaren 😄 Na gode dai. Na kira na farkon na yi masa tambayoyin Malam Mai Sufana. Ya ce walda zai yi ya ƙara a kan tsohon bututun, waya ma ƙari zai yi, gas kuma "in ya nema" sai in biya daban. Da na ce injin zuƙe iska fa, ya ce ba ya buƙata. Na biyun ya turo min a rubuce: sabon bututu, sabuwar waya, ƙarfen rataya, gwajin yoyo da naitirojin, zuƙe iska, ƙarin gas, toshe tsohon rami. Ya ce in ya yi yoyo cikin wata shida shi zai gyara.

@DanAuta_92:
To ai ka gani, na farkon ma walda zai yi, ba ɗaurin wasa ba. Me ya sa za a zubar da mita 4 na bututu mai kyau?

@Kawu_Bala:
Nan kam yaron nan ya yi magana. Walda in an yi ta da kyau ta fi noti ƙarfi. Manyan injuna duk da walda ake haɗa su.

@Mai_Sufana:
Kawu gaskiya ne, ni ma ina ƙari da walda in tsohon bututun yana cikin bango ko silin, inda cire shi sai an yi fashe-fashe. Amma da sharaɗi. In ka sa wuta a jan ƙarfe iska tana ciki, cikin bututun yana yin wani baƙin ɓawo. Ka yanka wanda aka yi wa haka ka buga a tafin hannu, za ka ga baƙin gari yana zubowa. Wannan garin gas zai kwashe shi ya kai inda hanya ta fi ƙunci ya toshe. Maganinsa a riƙa hura naitirojin a hankali ta cikin bututun lokacin waldar. Mutumin da ya ce ba ya buƙatar injin zuƙe iska, kana ganin zai ɗauko tulun naitirojin? Sannan tsohon bututun an riga an lanƙwasa shi, jan ƙarfe kuma in an lanƙwasa yana taurara, ka zo miƙar da shi ya karye ko ya maƙure. Mita 4 da ke fili ba ta kai a yi wannan kasadar ba. Tsohon ma ba asara ba ne, masu sayen ƙarfe suna saye, ka ce a bar maka abinka ko a rage a kuɗin aiki.

@Maman_Iman:
Ka kuma tambayi na biyun ko kuɗin ya haɗa da rufin roba da ake sa wa bututu a jikin bango. Mita 11 a fili ba kyan gani, kuma rana tana cinye soson ya riƙa marmashewa. Mu sai daga baya aka ce mana wannan daban ne. Fentin inda aka cire ƙarfen ma haka.

@Alhaji_Tanko:
Ni nawa tsoho ne, R22, ya haura shekara 12. Da na nemi a matsar da shi, mai gyaran ya ce in haƙura in sayi sabo a kafa shi a inda nake so kai tsaye. Na ɗauka ciniki yake nema.

@Injiniya_Hauwa:
Alhaji, shawara ya ba ka ta gaskiya. R22 yana cikin gas ɗin da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka yi ta janyewa saboda illarsa ga lemar ozon. Amurka ta daina ƙera shi da shigo da shi tun farkon 2020, ƙasashe masu tasowa kuma wa'adinsu 2030. Kullum ƙara wuya yake, jabu kuma yana yawa. Ka kashe kuɗin sabon bututu da waya da aiki a kan injin da kwamfiresonsa ya tsufa, in ya mutu baɗi ka sake biyan kafawa. In sabo za ka saya, kuɗin kafawa dama dole ne, ka ga matsarwar ta zo a ciki. Kuma kada wani ya ce zai zuba maka R410A a injin R22, matsinsa ya fi yawa sosai, man ma ba ɗaya ba ne.

Na Baban Khalifa mai shekara 5 bai kai nan ba. R410A ma ana rage shi a hankali tun gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016, shi ya sa sababbin injuna da yawa R32 ne: ƙarfin ɗumama duniya na R32 675 ne, na R410A kuwa 2088. Sai dai R32 yana iya kama wuta kaɗan, to mai irinsa ya ƙara kula da wanda zai kawo masa wutar walda.

@Sarkin_Gardama:
Duk wannan ɗumamar duniya ba ita ta dami Baban Khalifa ba, aljihunsa ne.

@Lauyan_Gida:
Tana shafar aljihu mana. A Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana sakin gas ɗin nan a iska da gangan, kuma sai mai takardar shaida ke taɓa shi. Inda doka take haka, kuɗin aikin yana ɗauke da kuɗin lasisi da kayan aiki. Shi ya sa ba a ɗaukar farashin wata ƙasa a auna na wata. Wani abin kuma garanti: in injin bai fita garanti ba, a karanta takardar kafin a bar kowa ya kwance, wasu kamfanonin suna soke shi in ba wakilinsu ne ya yi ba.

@Abu_Sadiq:
Mai Sufana, tunda za a ƙara gas, ba gara a cika shi gaba ɗaya ba? Shekara 5 ai ya sha.

@Mai_Sufana:
Gas ba ya shanyewa, ɗan'uwa. Zagaye yake yi a rufe. In ya ragu akwai inda yake fita, sai a nemo wurin. Kuma cikawa fiye da ƙima illa ce, kwamfireso ne ke shan wahala. Abin da littafi ya ce, shi sikeli zai nuna, a tsaya nan. R410A kuma haɗin gas biyu ne, R32 da R125, a ruwansa ake zuba shi.

@Baban_Khalifa:
Wata shawara ta zo daga uwargida. Ta ce maimakon bayan gida, a zagaya da shi kusurwa ɗaya kawai zuwa bangon gefe, inda babu taga. Na auna, zai zama kamar mita 6. A sauke shi ƙasa a kan daɓe. Yaya kuka gani?

@Yar_Baba:
Ka ga mata ko? 😄

@Mai_Sufana:
Uwargida ta rage maka kusan rabin jan ƙarfe da waya, ƙarin gas kuma kaɗan ne ko babu. Amma kada ka yi tsammanin kuɗin zai ragu da rabi. Tara gas, buɗa baki, gwaji, zuƙe iska, duk aikinsu ɗaya ne ko mita 6 ko 11. Ga daɓe da za a yi, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya, ya zama a daidaice. Wurin ɗauka kuma a tsaye za a riƙe injin, kada a kwantar, saboda man kwamfireso.

@DanAuta_92:
A ƙasa kuma? Sai an yi masa keji ke nan, in ba haka ba wata safiya a tarar da daɓe kawai. Ka ƙara kuɗin mai walda. Ni har yanzu ina kan bakana, a kira na uku a ji.

@Alhaji_Tanko:
Kiran na uku ba laifi ba ne, amma a ba shi takardar na biyun a rufe kuɗin, a ce ya faɗi nasa a kan waɗannan ayyukan. In ba haka ba kowa abin da ya ga dama zai ƙiyasta.

@Kawu_Bala:
Keji in za a yi, a yi mai faɗin ido, a bar ƙofa ta gefen bawul. Na sha zuwa gyara in tarar an yi wa inji walda ta ko'ina, sai an yanka kafin in sa geji.

@Ummu_Nana:
Bangon gefen nan yana kallon gidan maƙwabta? Kada ka cire ƙara daga tagar yaranka ka kai ta tagar wani.

@Baban_Khalifa:
Akwai katanga tsakani, tazarar kamar mita ɗaya da rabi.

@Injiniya_Hauwa:
Mita ɗaya da rabi daga bango zuwa katanga, ka cire kaurin injin da tazarar baya, abin da ya rage a gaban fanka bai kai mita ɗaya ba. Ya yi kaɗan a wasu littattafan, a duba naka. Ko a juya shi ya huro a tsawon lungun, ko a rataye shi ya haura katangar, sai dai ka koma maganar girgiza da maƙwabta.

@Sarkin_Gardama:
To ashe bayan gidan dai. Kuma can akwai inuwa.

@Dogo_Lantarki:
Ko gefe ko baya, kafin a sa dirila a sabon bangon a duba ta ina wayoyin cikin gida da bututun ruwa suka bi. In akwai soket ko makunni a ɗaya fuskar bangon, kada a huda daidai samansa ko ƙasansa. Baban Khalifa, turo hoton inda wuta ke shiga injin in gani ko sai an ja sabon layi.